Giya Ta Biyar a Cikin MGB: Abin da Ake Samu da Abin da Ake Bari

Idan MGB, tsohuwar ƙaramar motar kamfanin MG na Ingila mai giya huɗu, ta hau babban titi ta kai gudun kilomita 110 a awa, injinta yana juyawa kusan sau 3,800 a minti. Motar ba ta gaza ba, injin zai iya wuni a haka. Amma ƙara ta cika kunne, liba tana tsuma, mai yana tafiya, hannun direba kuma yakan kai kan liba da kansa yana neman wata giya da babu ita. Wannan neman ne ya haifar da sana'a guda a Ingila da Amurka: a sauke giyabos ɗin da motar ta zo da shi, a ɗora na wata mota mai giya biyar.

An fara sayar da MGB a 1962, aka ci gaba da ƙera ta a garin Abingdon na Ingila har zuwa 1980 da aka rufe masana'antar. An yi fiye da 500,000, mafi yawansu kuma jirgin ruwa ya kai su Amurka. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1798, ƙarfin doki kamar 95. Lokacin da Syd Enever, babban injiniyan MG, da mutanensa suke zana ta, babbar hanyar M1 ta Ingila ba ta daɗe da buɗewa ba, a 1959 aka buɗe ta, kuma mafi yawan tuƙin da ake yi a ƙasar a kan hanyoyin karkara ne masu kwana da hawa da gangara. A irin waɗannan hanyoyi giya huɗu ta wadatar. Motar ce ta yi tsawon rai har ta tarar da zamanin da mutum zai yi awa uku a miƙe bai taɓa birki ba.

Kafin a ce ga giyabos ɗin da ya fi, sai an fahimci lissafin, don duk gardamar a kansa take. Kowace giya tana da awonta, wato sau nawa inji zai juya kafin farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul na baya, ta juya sau ɗaya. Giya ta huɗu a MGB awonta ɗaya ne daidai: inji ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Daga nan aksul na baya ya rage juyin, farfela ta juya sau 3.9 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Da tayar da aka saba sa wa motar, mai inci 14, wannan yana nufin kowane juyi 1,000 na inji yana ba da gudun kilomita 29 a awa. To ka raba 110 da 29, ga 3,800 ɗin nan ta fito. Giya ta biyar ba komai ba ce illa awo da bai kai ɗaya ba. Idan awonta 0.82 ne, sai 3,800 ta sauko zuwa kamar 3,100 a gudu ɗaya. Juyi 700 ne kawai aka rage, amma kunne yana jin bambancin nan take, kuma injin ya sauka kusa da juyi 3,000, inda ƙarfin murɗawarsa ya fi yawa.

A nan ne abin da masu tallar kayan canji ba su cika farawa da shi ba yake: kamfanin MG da kansa ya riga ya warware wannan matsala tun farko, ga duk wanda ya biya ƙarin kuɗi. Akwai wata na'ura da ake kira obadiraif, ƙirar Edgar de Normanville, wadda kamfanin Laycock na Sheffield ya riƙa yi a wancan zamani, ana ɗaura ta a wutsiyar giyabos. A cikinta akwai ƙananan giya da ke zagaye wata ta tsakiya, da kuloci mai siffar mazurari, da ɗan famfon mai wanda sandar giyabos ke motsawa. Direba ba ya taka kuloci. Maɓalli yake taɓawa, wuta ta ja wani ɗan ƙarfe, mai ya tura kulocin, sai ya ji juyin inji ya faɗi kamar an sauke wa motar kaya. Irin wanda aka sa wa motocin da suka fito daga ƙarshen 1967, mai suna LH, awonsa 0.82 ne. Giya ta biyar ta giyabos ɗin Ford da aka fi sa wa MGB ita ma 0.82 ce. Ma'ana, mai obadiraif lafiyayye da ya kashe kuɗi ya sa giya biyar, zai hau titi ya tarar da allurar juyi a daidai inda ya bar ta.

Ba ma wannan kaɗai ba. A yawancin MGB obadiraif yana aiki a giya ta uku da ta huɗu, don haka a zahiri motar tana da awo shida na gaba. Ta uku da obadiraif tana ba da kamar 1.13, wani mataki tsakanin ta uku da ta huɗu, wanda ke da daɗi ƙwarai a hawan tudu mai tsawo ko a bayan babbar mota kana jiran damar wucewa. Kana cikin ta uku da obadiraif, hanya ta buɗe, ka taɓa maɓalli da yatsa, motar ta zabura, hannunka biyu na kan sitiyari. Babu giyabos mai giya biyar da zai ba ka wannan. Shi ya sa nake ganin duk mai wannan na'ura da ke tunanin cire ta, ya fara tambayar kansa abin da take yi masa. Sau da yawa idan ta ƙi shiga, laifin na waya ne ko maɓalli ko ƙarancin mai ko matacin da ya toshe, abubuwan da ake gyarawa daga ƙarƙashin mota ba tare da sauke komai ba.

Amma motoci da yawa, musamman waɗanda aka kai Amurka, ba su zo da ita ba. Akwai kuma na kafin 1967, masu giyabos ɗin da giya ta ɗaya ba ta da zoben sinkuro, wato zoben tagullar nan da ke daidaita gudun giya biyu kafin haƙoransu su haɗu. A irin wannan mota sai ta tsaya cak kafin ka sa ta ɗaya, in ba haka ba ka ji ƙarar haƙora. Waɗannan masu motoci su ne suke da hujja ta gaskiya, kuma gabansu akwai zaɓi.

Wanda ya fi shahara shi ne giyabos ɗin Ford da ake kira Type 9, wanda ya fito a 1982 tare da motar Ford Sierra, aka kuma sa shi a Capri da Granada. Dalilin farin jininsa ba asiri ba ne. Siriri ne, na motar da ke tura tayoyin baya ne kamar MGB, kuma ƙoƙon da ke rufe kuloci a gabansa da noti aka ɗaure shi, ana iya kwance shi a ɗaura wani da aka zuba musamman don bayan injin MG. Kamfanin Hi-Gear Engineering na Ingila ya daɗe yana yin irin wannan ƙoƙo da sauran kayan haɗi. A da, lokacin da Sierra ta cika wuraren tsofaffin motoci, giyabos ɗin kusan kyauta ne. An daina ƙera Sierra a 1993, don haka wanda za ka samu yau ya kai shekara talatin ko fiye, kuma sai an buɗe shi an sake boris da zobba kafin a amince da shi. Na biyu shi ne na Mazda MX-5, wanda kamfanin Vitesse yake sayarwa da sabbin kayan ciki da gangar da aka zuba don ta dace da MGB. Ya fi tsada, amma babu wanda ya taɓa wahalar da shi. A Amurka wasu sun bi ta giyabos ɗin Datsun 280ZX, wasu kuma ta T5 na Borg-Warner, wanda Tremec ke yi yanzu, irin na Ford Mustang.

T5 ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don yana nuna yadda ake kuskure da ganin lamba. Na Mustang mai injin V8 giyarsa ta biyar 0.68 ce. A takarda abin sha'awa ne: a gudun 110 inji zai sauko zuwa 2,600. Amma an yi wannan awo ne don inji mai lita 5, wanda ke jan mota ko a juyi 1,500. Ka ɗora shi a bayan inji mai lita 1.8, a gudun 90 yana juyi 2,100 kacal. Ƙaramin tudu ko iska mai ƙarfi daga gaba, sai ka taka totur har ƙasa motar ba ta amsa ba, injin yana gurnani, dole ka koma ta huɗu. Tsakanin ta huɗu da ta biyar kuma akwai rami mai faɗi. Mai ma ba lalle ya ragu ba, tunda ƙafarka na ƙasa. Injin da ake ja da nauyi a ƙaramin juyi yana shan wahala a metal ɗinsa fiye da wanda ke juyawa da sauri cikin sauƙi. Akwai T5 masu awon da ya fi dacewa, amma sai an duba lambar da ke jikin giyabos ɗin an tabbatar, don daga waje duk kama ɗaya suke.

Mutane suna sayen giya ta biyar, amma da ta ɗaya da ta biyu da ta uku suke zama kullum, kuma nan ne halin motar yake sauyawa. Giyabos ɗin MGB na 1967 zuwa 1974 awonsa 3.44, 2.17, 1.38 da 1.00. Na Type 9 da aka sa wa Sierra mai silinda huɗu kuwa 3.65, 1.97, 1.37, 1.00 da 0.82. Ka lura ta uku da ta huɗu kusan ɗaya suke. Bambancin yana ƙasa. A giyabos ɗin asali, idan ka kai juyi 4,000 a ta ɗaya ka canja, allura za ta faɗo 2,500. Ka sake kai 4,000 a ta biyu ka canja, ta faɗo 2,550. Wannan faɗuwa ta biyu ita ce masu MGB suka daɗe suna ƙorafi a kai, don a kwana mai tsanani ta biyu ta yi gajarta, ta uku ta yi tsawo. Type 9 ya gyara wannan: daga ta biyu zuwa ta uku allura tana tsayawa a wajen 2,800. Sai dai ya ɗauke ramin ya mai da shi ƙasa. Ta ɗayarsa gajera ce, an yi ta don motar iyali mai nauyi da za ta iya jan tirela, kafin ka kai kilomita 32 a awa ka riga ka kai juyi 4,000, idan ka canja kuma allura ta faɗo har 2,150. A cunkoson gari za ka ji wannan a kowace danja. Shi ya sa masu gyaran Type 9 suke sayar da ta ɗaya mai tsawo, wasu kuma suna neman na Capri mai injin V6 lita 2.8, wanda awonsa ya fi matsowa kusa da juna, ko da yake sandar gabansa ta fi tsawo, sai an yi mata dabara. Na Mazda yana farawa daga 3.14, ya bi ta 1.89 da 1.33, ya ƙare a 0.81. A ganina, cikin ukun nan shi ne jerin da ya fi dacewa da ƙaramar mota mara nauyi, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda don irin wannan mota aka yi shi tun asali.

Lissafi ya ƙare, sai ƙarfe. Abu na farko da mai MGB zai sani shi ne giyabos ɗinta ba ya fita ta ƙasa shi kaɗai, saboda wani ƙarfe da aka yi wa walda a gicciye ƙarƙashin motar. Inji da giyabos tare ake ɗago su ta sama, a karkace, hanci sama wutsiya ƙasa, bayan an cire lagireto da salansa da duk wayoyi. Ko faifan kuloci za a canja, sai an yi wannan aiki. Don haka duk ɗan kuskuren da aka rufe a cikin ƙoƙon kuloci, kuɗinsa shi ne a sake fito da inji gaba ɗaya.

Kuma kurakuran a can suke taruwa. Sandar gaba ta giyabos tana ratsa faifan kuloci, bakinta ya shiga wani ɗan bushi da ke cikin wutsiyar karanshaf. Abu uku ne za su dace lokaci ɗaya: tsagen haƙoran sandar da na faifan kuloci, kaurin bakinta da ramin bushin, da tsawonta. Idan ta yi gajarta ba ta zauna cikin bushin sosai ba, za ta riƙa rawa, ta cinye boris ɗin gaba, giya ta huɗu ta fara tsalle tana fita. Idan ta yi tsawo, ita ce mafi muni: da an ɗaure notin ƙoƙo, za ta tokare karanshaf ta tura shi gaba, ta cinye zoben ƙarfen da ke riƙe shi cikin inji, aikin giya ya zama aikin inji. Bakanike mai hankali ba ya jan giyabos da noti idan ya ƙi zama. Da hannu ya kamata ya tafi har ƙoƙo ya sumbaci bayan inji. In ya tsaya saura rabin inci, akwai abin da ya tokare, kuma spana ba za ta gyara shi ba, fasa shi za ta yi.

Sai daidaiton tsakiya. Ramin da giyabos ke zama a ƙoƙo dole ya kasance a kan layi ɗaya da karanshaf. Ana ɗaura agogon awo a kan filawil, a sa allurarsa cikin ramin, a juya inji da hannu a hankali ana kallon yadda take motsi. Abin da aka saba yarda da shi bai wuce milimita 0.13 ba, kaurin takarda ke nan. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don kayan haɗin sabo ne daga kwali. Amma farantin bayan injin ya shekara hamsin yana shan zafi da sanyi, kuma wataƙila ba ma nasa ba ne na asali. A nan MGB tana da tarko na musamman: injinan farko, na kafin ƙarshen 1964, karanshaf ɗinsu a kan mazauni uku yake, na baya a kan biyar, farantin baya da filawil da kik sun sauya lokacin da aka sauya giyabos a 1967. A cikin shekaru sittin da suka wuce an yi ta musayar injina tsakanin motoci. Don haka shekarar da ke takardar mota ba ita za a bi wajen odar kaya ba, lambar da ke jikin inji da abin da ido ya gani bayan an sauke shi su za a bi.

Kuloci kansa yana da nasa. Idan kayan haɗin ya bar cokalin asali da silindar mai ta waje, aikin yana da sauƙi, in ta yi yoyo ana canja ta a kwance ƙarƙashin mota. Wasu kayan kuwa suna amfani da silinda mai zagaye sandar giya a cikin ƙoƙo. Tana da laushin taku, amma tazararta da yatsun kuloci sai an auna da kyau, kuma ranar da ta yi yoyo inji zai fito.

Bayan giyabos akwai farfela, wadda kusan kullum sai an yi sabuwa, don tsawon ya sauya kuma yadda take shiga wutsiyar Type 9 daban ne da na MG. Abin da aka fi mantawa shi ne kusurwa. Gaɓar farfela idan tana aiki a karkace ba ta juyawa da gudu ɗaya, tana sauri tana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Gaɓa ta biyu ita ke soke wannan, amma sai idan karkacewar su biyun ta yi daidai da juna, da bambancin da bai wuce digiri ɗaya ba. Ka ɗaga wutsiyar giyabos da ɗan yatsa biyu don ta kauce wa wani ƙarfe, sai motar ta fara rawa a gudun 90 ko 100, mai ita ya yi ta kai taya balansin yana canja boris, alhali ciwon yana robar da giyabos ke zaune a kai.

Sauran ƙanana ne, amma su ne ke raba aikin da aka gama da wanda aka bari rabi. Maleji na MGB da waya mai juyawa yake aiki, kuma a fuskarsa an rubuta adadin juyin da yake bukata a mil ɗaya, wasu 1280, wasu 1000. Idan ƙaramar giyar da ke juya wayar ba ta dace ba, zai riƙa faɗin ƙarya har sai an sake saita shi. Akwai fitilar ribas da za a haɗa wa sabon maɓalli. Ribas ɗin ma ba lalle ya kasance a gurbin da hannu ya saba ba, don haka ƙwallon liba mai tsohon zane zai iya yaudarar baƙon direba. Akwai kuma mai. Giyabos ɗin MGB baƙin mai yake sha, irin na inji, 20W/50. Type 9 man giya yake so, 75W/90. T5 na baya-bayan nan kuwa man giyar otomatik ake zuba masa. Wanda ya zuba abin da ya saba zubawa zai iya kashe zobban sabon giyabos, kuma ya kamata a rubuta irin man a manna a inda bakanike na gaba zai gani.

Yanzu ga inda nake da tsayayyen ra'ayi. MGB ba ta da shasi daban. Gangar jikinta ita ce shasinta, kuma tudun nan da ke tsakanin kujeru biyu, wanda giyabos da farfela ke bi ta ƙarƙashinsa, yana cikin ƙashin bayan motar, musamman a marar rufi. Na motocin kafin 1967 ya fi ƙunci, shi ya sa a can ne jarabar ɗaukar guduma ko injin yanka ta fi yawa. Kada a yanka. Giyabos abu ne da ake ɗaurawa da noti, gobe a kwance. Ƙarfen jiki kuwa idan an yanke shi, ko an yi walda mai kyau, motar ba za ta koma yadda ta fito daga Abingdon ba. Idan giyabos ba zai shiga ba sai an yanka, to ba na wannan mota ba ne, a nemi wani. Haka liba: ta fito ta ramin asali, a inda hannu ke sauka idan ya bar sitiyari. Kayan haɗi masu kyau an yi su ne a kan wannan sharaɗi, kuma shi ne abin da kuɗinsu ke saya. Araha ba ta ado a wannan aiki.

Kowace tsohuwar mota da irin amsarta, kuma kwatanta su yana nuna cewa babu hukunci ɗaya. Jaguar E-Type ba a taɓa sayar da ita da obadiraif ba, don babu wurinsa, kuma har 1964 tana ɗauke da giyabos ɗin kamfanin Moss mai nauyin hannu wanda ta ɗayarsa ba ta da sinkuro. Mai ita da ke son tafiya mai nisa yana da hujja fiye da mai MGB, amma darajar motarsa ta fi dogara da kasancewar kayan asali. Triumph TR6 tana da shasi daban, murfin giyabos ɗinta kuma ana cire shi daga cikin mota, don haka sa mata W58 na Toyota Supra bai kai wahalar MGB ba. Datsun 240Z ta fi kowa sa'a: Amurka ta same ta da giya huɗu, amma giya biyar ta ƙannenta 280Z da 280ZX tana ɗaure wa injinta kai tsaye, tunda gida ɗaya suka fito. Kanikawanmu da suka shekara suna musayar giyabos tsakanin Peugeot 504 da 505 sun san wannan sauƙi na 'yan gida ɗaya, sun kuma san yadda aiki ke tsananta da zarar an haɗa ƙarfen kamfani biyu.

Masu cewa duk canji cin amanar tarihi ne, ina fahimtar su, kuma a wasu wurare suna da gaskiya ɗari bisa ɗari. Motar da za ta shiga tseren tsofaffin motoci a ƙarƙashin dokokin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, dole ta zauna da kayan zamaninta. Motar da ke da tarihi na musamman, ko wadda ta tsira da komai nata na asali, a bar ta. Kukan giya ta ɗaya mai miƙaƙƙun haƙora a MGB ta 1963 wani ɓangare ne na abin da motar take, kuma wanda ya koyi taka kuloci sau biyu yana daidaita juyi da totur ya mallaki wata fasaha da ke ɓacewa. Sai dai MGB ba mota ce mai wuyar samu ba, an yi rabin miliyan. Abin da ke kashe irinta ba canjin giyabos ba ne, zama ne: birki ya kama, roba ta bushe, tsatsa ta ci ƙasa, saboda mai ita yana jin nauyin fitar da ita babban titi. Idan giya ta biyar za ta sa ya riƙa tuƙa ta, motar ta ci riba.

Ga mai MGB ta 1967 zuwa sama da ba ta da obadiraif, akwai hanya ta uku da ya kamata a auna kafin a kira masu Ford ko Mazda: a nemi giyabos ɗin MGB mai obadiraif da aka sake ginawa. Yana shiga gurbinsa ba gardama, kuloci da kik da mai duk ba su sauya ba, abin da za a ƙara bai wuce waya da maɓalli da daidaita farfela da maleji ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: maɓallin da ke hana obadiraif shiga a ribas dole ya yi aiki, don ja da baya da shi a kunne yana farfasa cikinsa. Ga mai MGB ta farko, ta kafin 1967, mai ƙuncin tudu da giya ta ɗaya marar sinkuro, wanda ke zaune a gari mai cunkoso, giya biyar tana da ma'ana sosai, muddin ta shiga ba yanka.

Wanda ya yanke shawarar canjawa, ya sanar da kamfanin inshorarsa, don canjin da aka ɓoye yana iya zama dalilin ƙin biya ranar haɗari. Tsohon giyabos kuma kada ya tafi wurin 'yan gwangwan. A tsiyaye mansa, a zuba sabo, a toshe ramukansa, a shafa wa sandar gaba giris, a haɗa shi da farfelarsa da ƙarfen da yake zaune a kai da libarsa da notinsa a cikin jaka mai rubutu, a ajiye a wuri busasshe, a riƙa juya sandar da hannu lokaci-lokaci. Ranar sayar da motar, a miƙa su tare da ita, da takardar da ke nuna wane giyabos ne a ciki, wane faifan kuloci, wane bushi, da wane mai.